Yadda Ƙanena Ya Kashe Folkert Na Minti Arba'in

Ƙanena Gerlof Bouma shekara talatin da huɗu ya yi yana raba wasiƙu a garinmu, kuma duk tsawon nan ba a taɓa kama shi da laifin da ya wuce jefa katin gaisuwa a akwatin maƙwabci ba. Tsabtarsa har ta yi yawa. Yana goge kekensa kafin ya hau, yana goge shi in ya sauka, ni dai ina zargin har sai da safe yake ce masa. Da ya yi ritaya muka ce to madalla, zai huta mu ma mu huta. Ashe lokacin ne ciwon zai tashi.

Ciwon injin iska ne, irin dogon ginin nan mai fukafukai huɗu da iska ke juyawa. Kakanmu na wajen uwa shi ke kula da injin da ke kwashe ruwa daga gonakin gabashin gari, kuma Gerlof ya taɓa kwana a ciki sau uku yana ɗan shekara bakwai. Sau uku kacal, ina wurin. Amma in kuka ji shi yana ba da labari sai ku rantse a kan fiffiken aka haife shi, aka yanke masa cibiya da igiyar birki. Ya sayo kyamara mai hanci kamar bututun murhu, ya rataya jaka biyu a keke, ya ce sai ya ɗauki hoton kowane injin iska da ke tsaye a ƙasar nan, su sama da dubu.

Matarsa Aukje ta bi shi sau biyu. A na biyun ta tsaya awa ɗaya da rabi cikin ciyawa mai ƙaiƙayi ana jiran wani gajimare ya matsa. Da suka dawo ko takalmi ba ta cire ba ta bugo mini waya.

"Renske, kin riga ni saninsa, ke kika goya shi. Daga yau ranar Asabar naki ne."

Haka na zama mai ɗaukar filas ɗin kofi da burodi da cuku, ina da shekara saba'in, ina bin bayan ƙanena daga wannan gaɓar ruwa zuwa waccan.

Hotunan dai babu laifi, ba zan yi masa ƙarya ba. Bakin ne matsalar. Gerlof ba ya iya ganin mutum tsaye kusa da injin iska ya ƙyale shi. Baƙo ne, ɗan gari ne, mai kai saƙo ne da ya tsaya fitsari, duk ɗaya. Zai matso ya ce, "Ka san dai injin nan magana yake yi?" Daga nan sai karatu. In fukafukan huɗu sun tsaya ɗaya sama ɗaya ƙasa sak, mai injin ya ɗan huta ne. In na saman bai ƙarasa tsakiya ba, abin murna ne, haihuwa ko aure. In kuwa na saman ya ɗan wuce tsakiya ya fara sunkuyawa, to an yi mutuwa. Abin da kowace kaza a ƙasar nan ta sani. Na ji wannan karatun ya fi sau ɗari bakwai. Ya taɓa yi wa wani mai injin da ya shekara hamsin a bakin aiki, mutumin ya saurara har ƙarshe, ya ce, "Na gode, ashe haka ne," Gerlof kuma ya yarda.

Yana zuwa gidajen tsofaffi yana nuna hotuna a bango, su kuma suna barcinsu cikin natsuwa. Wata 'yar jaridar unguwa ta kira shi masanin injinan iska. Ya yanke wurin ya sa a gilashi, ya rataya a ban ɗaki kusa da kalandar ranakun haihuwa, daidai inda duk wanda ya zauna ba shi da zaɓi sai ya karanta. Wannan suna shi ne dukiyarsa a duniya. Ku taɓa masa fansho, kada ku taɓa masa masani.

To, wata Asabar cikin watan Mayu muka sa kekuna a jirgin ƙasa muka nufi wani ƙauye a arewa. Ba zan faɗi sunansa ba, don har yau in tafiya ta kama ta can, zagaye muke yi. Injin ƙarami ne, rufin ciyawa, yana tsaye shi kaɗai a bakin magudana, fukafukansa suna saukowa har kusa da ƙasa. Babu kowa sai shanu. An tsayar da shi sak, ɗaya sama ɗaya ƙasa.

Gerlof ya durƙusa, ya miƙe, ya kwanta rub da ciki, ya koma bayan wata saniya. Sai na ji tsaki.

"Yaya, zo ki gani. Fiffiken sama ya rufe hasumiyar cocin."

"To ka matsa gefe mana."

"In na matsa, ruwan ya fita daga hoton."

"To ka bar cocin. Ko shi ma injin ne?"

Bai kula ni ba. Ya zagaya bayan injin, sai ga shi ya dawo da wata fuska da na sani tun yana satar sukari. Ashe kwaɗon da ake kulle igiyar birki da shi yana rataye a buɗe.

"Taku biyu kawai zan tura shi, Yaya. In ɗauka, in mayar. Minti ɗaya."

"Gerlof, injin mutane ne."

"Jikan wa kike yi wa magana?"

A nan ya kamata in ce na hana shi, na zauna a kan ciyawa na ce sai dai ya bi ta kaina. Haka nake faɗa a wasu wuraren. Gaskiyar ita ce ƙafafuna sun gaji, kuma na ga allon wani shagon kofi a bakin ƙauyen an rubuta kek ɗin tuffa. Ni na riƙe igiyar. Da hannun nan nawa na ja birkin ya saki, shi kuma ya kwance sarƙar da ke ɗaure fiffiken ya sa kafaɗa ya tura fiffiken ƙasa, har ya ce in saki. Hasumiya ta fito fes. Ya ɗauki hoto ya kai arba'in yana cewa "Kai! Kai!" kamar wanda aka ba gado.

Sai ga ƙarar tarakta daga nesa.

Mutumin da ya ce jikan mai injin ne, ban taɓa ganin gudu irin nasa ba. Ya maƙala sarƙar a inda ta kai, ya wawuri jaka, ya haye keke da ƙafa ɗaya a iska. Ni ma na bi. Ko waiwaye ba mu yi ba. Da mun waiwaya sau ɗaya, da labarin nan bai samu ba.

Muka zauna a shagon kofi, aka kawo kek mai tudun kirim a kai. Mutum biyar ne a ciki, tsofaffi uku suna karta, mai shagon tana goge kofuna, da wani mai barci. Na kai cokali na uku ke nan ƙararrawar coci ta fara bugawa, a hankali, ɗaya bayan ɗaya. Masu karta suka ajiye katinsu. Wata mata ta turo ƙofa da hular keke a kai, tana haki.

"Folkert ya tafi."

"Wane Folkert?" in ji mai shagon.

"Folkert nawa gare mu? Mai injin! Ku fita ku duba, an sa injin a makoki."

"Haba! Ba a ƙugu kawai aka yi masa aiki ba? Shekaranjiya aka ce har ya fara taka ƙafar."

"To ga shi dai. Sjoerd ne ke riƙe da makullin injin, shi ya kai shi asibiti, ƙila shi suka fara kira."

"Baukje fa?"

"Ta tagar kicin ta gani. Tana wanke kwano ta ɗaga kai ta gani. Babu wanda ya gaya mata, injin mijinta ne ya gaya mata."

Na dubi Gerlof. Cokalinsa yana tsaye tsakanin faranti da baki, kirim yana ɗiga a kan wandon da ya goge da safe. Ya jawo kyamara a hankali ƙarƙashin tebur, ya kunna, ya duba. Na leƙa. Ga ruwa, ga shanu, ga hasumiya fes. Ga fiffiken sama ya wuce tsakiya ya sunkuya, daidai yadda yake kwatanta wa mutane da hannunsa sau ɗari bakwai.

"Malam masani," na ce da raɗa, "me injin yake cewa?"

"Yaya, don Allah."

"A'a, ka fassara mini, ni ban yi karatun ba."

Ina tsokanarsa ne, amma ni ma da hannuna a ciki. Tafin hannuna har lokacin da jan sawun igiya.

Kafin kofi ya huce shagon ya cika. Ƙauyen duka bai fi gida sittin ba, amma na rantse mutum ɗari uku suka shigo. Wani ya sauke tuta rabin sanda. Mai sayar da furanni ta ce fararen sun ƙare. Aka ce Baukje ta kira wayar Folkert tana kashe, wanda ba abin mamaki ba ne tunda bai taɓa kunna ta ba, ta kira asibiti aka ce ta jira a layi, ta kasa jira ta ajiye ta zauna a ƙasan kicin. Aka ce 'yarsu ta taso daga Groningen tana tuƙi tana kuka. Wani tsoho da aka ce shekara ashirin ba ya magana da Folkert saboda rigimar shinge ya miƙe ya ce ba a taɓa yin mutumin kirki irinsa ba. Har mu aka yi wa ta'aziyya. Wata ta dafa kafaɗar Gerlof ta ce, "Ka san shi ne, bawan Allah? Ji yadda ka yi fari." Ya ce, "Ta wajen injin." Ta ce, "Allah sarki."

Ni na ce mu faɗa. To, na ce a zuciyata. A fili cewa na yi a ƙaro kofi.

Minti arba'in ana haka. Sai matar nan mai hular keke ta sake faɗowa, wannan karon ƙofar har ta bugi bango.

"Yana raye! Yanzu ya kira Baukje daga wayar ma'aikaciyar jinya, wai a kawo masa tabaransa da silifas, kuma miyar asibitin ba gishiri!"

Aka yi ihu, aka yi dariya, wasu suka yi kuka. Tsohon nan mai rigimar shinge ya zauna ya ce shi dai maganar shinge tana nan. Na ji Gerlof ya saki numfashi kamar tayar keke. Na ce shi ke nan, mun tsira, mu biya mu sulale.

Sai wani ya ce, "To wa ya sa injin a makoki?"

Aka kalli juna. Sannan baki ɗaya: "Sjoerd."

Ba a jima ba aka shigo da shi. Mutum ne mai kimanin shekara sittin, dogo, hannuwansa kamar shebur, da takalmin gona. Daga maganganunsu na gane cewa tun da matarsa ta rasu ya ɗan rikice, yana manta tukunya a wuta, yana zuwa kanti ya rasa me ya kawo shi. Folkert ne ya ja shi jikinsa yana koya masa aikin injin shekara uku, ya ba shi makulli duk da kwamitin injin ba su so ba.

Shugaban kwamitin, wani gajere mai gashin baki, ya tsaya a gabansa.

"Sjoerd, kai ka tsayar da injin jiya?"

"Ni ne. Sak na tsayar da shi."

"Sak? Fita ka duba sak ɗinka. Kwaɗon ma a buɗe yake. Ka san Baukje ta kusa binsa da gaske?"

"Ni dai na san..." Ya tsaya. Ya dubi hannuwansa. "Na ɗauka sak na bar shi."

"Ka ɗauka. Kawo makullin."

Abin da ya fi ci mini rai, bai yi gardama ba. Ya laluba aljihu ya ciro makullin da wata tsohuwar igiya ja, ya ajiye a kan tebur kusa da farantinmu. Ya ce, "Ƙila ni ne. Kwanan nan ba na riƙe abu. Kada ku gaya wa Folkert tukuna, ku bari ya warke."

Gerlof ya miƙe. Na ce yauwa, ga jinin kakanmu. Sai ya ɗauki jaka ya ce, "Yaya, jirgi."

Muka fita. Muka hau keke. Na bi shi, kada ku ce ban bi shi ba. Mun yi kilomita biyu iska tana dukanmu a fuska. A wata 'yar gada ya tsaya wai sarƙar kekensa tana ƙara. Sarƙar da ake shafa wa mai kamar jaririya.

"Kwaɗon ai a buɗe yake," ya ce, yana kallon ruwa. "Wannan dai laifinsa ne."

"Haka ne."

"Kuma ba wanda ya mutu."

"Ko ɗaya."

"In na faɗa, Yaya, kafin Litinin duk masu injin ƙasar nan sun ji. Sun san ni. Ba wanda zai ƙara buɗe mini ƙofa. Jahili in ya yi, a ce bai sani ba. Ni fa?"

"Kai ai masani ne."

"Ki daina."

"Na daina. Mu je gida. Mutumin ai ya riga ya yarda shi ne, ka ga an huta. Nan da wata guda ma ya manta yana da makulli."

Ban san ko don in tunzura shi na faɗa ba, ko don ina son mu tafi ɗin da gaske. Ina jin rabi da rabi ne. Ya daɗe yana murza birkin keke. Sannan ya juya kan keken ya nufi ƙauyen.

Gidan Baukje ba ya ɓata, ƙofar da furanni suka toshe ce. Muka same ta a kicin, ƙaramar mace mai farin gashi, idanunta sun kumbura, 'yarta tana gefe, shugaban kwamitin yana shan kofi. Sjoerd ma yana nan a tsaye bakin ƙofa, ya zo ba da haƙuri, hularsa a hannu.

Gerlof, wanda ke iya magana awa biyu a kan ƙusa ɗaya, wannan karon hoto ya bari ya yi magana. Sai ya kunna kyamara ya ajiye a gabanta. Hoton farko, injin sak, ƙarfe goma sha ɗaya da minti biyar. Na gaba, injin a makoki, da minti goma sha biyu.

"Ranki ya daɗe, ni ne. Ba shi ba ne. Hasumiyar nake so ta fito."

Ta sa tabarau ta duba. Ta koma na farko, ta dawo na biyu.

"Hasumiya," ta ce.

"E."

"Kai baƙo ne? Ba ka san abin da ake nufi da hakan ba?"

Ga ƙofar tsira a buɗe, in ya ce e shi ke nan.

"Na sani, ranki ya daɗe. Har koyarwa nake yi."

Shugaban kwamitin ya ajiye kofi. "Tsaya. Kai ne Bouma? Mai zuwa gidajen tsofaffi? Ka taɓa yi mini bayanin injina a gaban jikokina!"

Baukje ta juyo kaina. "Ke kuma fa, baiwar Allah? Rakiya?"

"Ni... igiyar na riƙe."

"Da girmanki."

Na sha zagi a rayuwata, na kuma rama da riba. Kalmomin nan biyu kuwa har yau suna cina.

Ba ta yi ihu ba, da ta yi da ya fi sauƙi. Ta miƙa wa shugaban hannu, ya gane, ya ciro makullin ya ba ta. Ta miƙa wa Sjoerd ta ce, "Ungo. Sak ka bar shi, kanka lafiya lau. Amma in ka ƙara barin kwaɗon nan a buɗe, ni da kai ne." Sjoerd ya karɓa da hannu biyu. Ya dubi Gerlof ya ce, "Na gode," abin da ya sa ƙanena ya ƙara nutsewa cikin kwalar rigarsa.

Shugaban ya fara maganar 'yan sanda. Baukje ta ɗaga masa hannu.

"Bar su. Mai hoto, me kake yi kafin ka fara kashe mutane?"

"Raba wasiƙu, ranki ya daɗe."

"Madalla. Ka ga furannin nan? Kowanne da kati, kowane kati da suna. Ba na son su a gidana, mijina yana raye. Ka mayar wa kowa nasa. In sun buɗe ƙofa ka faɗi sunanka, ka faɗi abin da ka yi, ka ce ba Sjoerd ba ne. Yayarka ta riƙe maka, tunda ta iya riƙo."

Dami ashirin da uku ne, da tukunyar miya ɗaya, da kek biyu da aka kawo na ta'aziyya. Muka loda a kekuna kamar masu tallan biki. A kowace ƙofa Gerlof ya cire hula ya ce, "Sunana Gerlof Bouma, ni na sa injin a makoki don in ɗauki hoto, ba Sjoerd ba ne." A gida na tara wata ta kira mijinta ta ce ya zo ya ji da kunnensa, sai da aka maimaita. Wani ya karɓi furen ya rufe mana ƙofa a fuska. Wata ta ce a tsaya ta ɗauke mu hoto, tunda mu ma muna son hoto. Mai buga ƙararrawar coci ya ce kafaɗarsa ta riƙe a banza, wa zai shafa masa magani? Labulen kowace taga yana motsi muna wucewa, ni kuwa ina biye da tukunyar miya a ƙirji, ina ji kamar in buɗe murfin in shige.

Gida na ƙarshe na tsohon nan ne mai rigimar shinge. Damin da ya aika ya fi na kowa girma. Ya saurari Gerlof har ƙarshe, ya karɓi furen, ya zare katin da ya rubuta ya cusa a aljihu da sauri.

"Baukje ta karanta wannan?"

"Ina jin ta karanta," in ji Gerlof.

"To kai ka jawo mini. Yanzu sai na je asibitin nan na gaishe shi."

Ya rufe ƙofa. Muka tura kekunanmu zuwa tasha, don babu mai ƙarfin hawa. Daga kan hanya muna hango Sjoerd can a gindin injin shi kaɗai, ya sa kafaɗa yana mayar da fiffiken sak. Gerlof ya tsaya kamar zai je ya taya shi. Na riƙo rigarsa na ce, "Kai dai ka bar injin mutane."